Ɗan tudu ya kwanta dama a tsakiyar ruwa

Daga El Alasan Mairairai, cikin ƙasar Mayahi. Yau labarin wani saurayi na kawo muku. Ba zan faɗi sunansa ba, don mahaifinsa bai so.

Wannan yaro a nan ya tashi, cikin rairayi. Ruwan da ya sani shi ne na rijiya mai zurfi, sai ɗan tabkin damina inda yake shayar da awakin gidansu. Da ya girma ya shiga soja. Aka tura shi jahar Difa, can gabas, bakin tabkin Cadi. Ya aiko wa tsohonsa da wasiƙa, ya ce yanzu a jirgin ruwa yake aiki. Mutanen gari suka yi ta dariya. Ɗan da bai taɓa iyo ba!

A shekarar 2015 yaƙin Boko Haram ya ƙetaro cikin ƙasarmu. A watan Fabrairu suka kai hari Boso da Difa. Ranar Asabar 25 ga Afrilu, da asuba, suka faɗa wa sansanin sojojinmu a tsibirin Karamga. Tsibiri shi ne tudun da ruwa ya kewaye ko'ina, ba hanyar gudu. Gwamnati ta ce sojoji 46 suka rasu, da farar hula 28. Yaron namu yana cikinsu. Allah ya jiƙansu.

Aka yi zaman makoki na kwana uku a ƙasa duka. Wannan girma ne, mun gode. Amma kwana uku ba su da wuyar wucewa. Wata biyu bayan haka ruwa ya sauka, aka yi shuka, ga gonar tsoho ba mai nome ta. Da kuɗin da yaron ke aikowa ake ɗaukar ƴan ƙwadago.

Samarin gari ne suka fara tashi. Suka yi gayya, suka nome gonar hatsin cikin yini guda, ba su karɓi ko fura ba. Har yanzu ba su fasa ba. Wata shekara mutum ashirin, wata shekara biyar, amma ana zuwa.

Sai maganar takardu, kuma nan ne na ga abin da ya dame ni. Ya bar mata da ɗiya ƙarama. Da matar ta fita takaba aka ce ta kawo takardar aure da takardar haihuwar yarinya, don a nemi hakkinsu. Babu ko ɗaya. Sai da aka nemo shaidu, aka yi ta zirga-zirga zuwa Mayahi, kuɗin mota ya ci tunkiya guda. Ƴan'uwa, in an yi haihuwa ko an ɗaura aure, ku je ku rubuta tun da wuri.

Tsohon kuwa ya shiga makarantarmu ta yaƙi da jahilci. Ya ce ya gaji da ba wani wasiƙun ɗansa ya karanta masa. Guda huɗu ne, a cikin kwalla yake ajiye su saboda gara. Bana ya karanta ta farko da kansa, sannu sannu, yana bin layi da yatsa. Jikar tasa tana lakkol, ita ke gyara masa in ya yi tuntuɓe.