Zinariya da Dalma: Abin da Ya Sami Yaran Zamfara

Jama'a, kowa ya san zinariya abar so ce. Amma a ƙasar Zamfara ta taɓa zuwa da makoki. Ga yadda abin ya faru.

A ƙasar Anka da ta Bukkuyum akwai duwatsu masu zinariya. Da kuɗinta ya hau, sai manoma da yawa suka shiga haƙa. Su kan kwaso dutsen su kawo gida. A nan a ke farfasa shi, a daka a turmi, ko a niƙa a injin niƙan hatsi. Ashe dutsen nan cike ya ke da dalma. Dalma kuwa guba ce.

In ana niƙa, ƙura ta kan tashi. Ta sauka a tsakar gida, da kan abinci, da cikin randa. Babba ya kan ɗan jure. Yaro fa? Yaro a ƙasa ya ke rarrafe, ya ɗauki hannu ya sa a baki. Jikinsa kuma ya fi na babba saurin shan dalma. Sai ta bi jini, ta tafi ƙwaƙwalwa.

Da farko ba a lura ba. Amma a shekarar 2010 yara suka yi ta amai, suna shiɗewa, suna mutuwa. Da fari an zaci zazzaɓin sauro ne, ko sanƙarau. Likitocin ƙungiyar MSF suka zo, aka auna jinin yaran, sa'an nan aka gane dalma ce. Yara wajen 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta, da Abare, da 'Yargalma. Yawancinsu ba su kai shekara 5 ba.

Waɗanda suka rayu ma ba duka suka kuɓuta ba. Waɗansu sun makance, waɗansu sun shanye. Waɗansu kuwa karatu ya kan yi musu wuya har girmansu.

Magani kashi biyu ne. Da fari a kankare ƙasar gida mai guba, a binne ta nesa, a zubo sabuwa. Sa'an nan a ba yaro maganin da ke fid da dalma daga jini. In ba a share gida ba, maganin banza ne, don yaron zai koma cikin ƙurar. Haka aka yi a Bagega a shekarar 2013.

Kada ku ce abin ya wuce. A shekarar 2015 irinsa ya sāke aukuwa a ƙasar Rafi, cikin Jihar Neja.

Saboda haka ku riƙe waɗannan:

1. Kada a kawo dutsen haƙa cikin gida.
2. Kada a daka shi a turmin abinci.
3. Mai haƙa ya yi wanka, ya sauya tufafi kafin ya ɗauki ɗansa.
4. A wanke wa yara hannu kafin su ci abinci.
5. Yaron da ya shiɗe, a kai shi asibiti nan da nan.

Rigakafi ya fi magani. Zinariya ta kan ƙare a rami, amma ɗa shi ne dukiyar gida.