Lambar da Ta Daɗe Ba Ta Fito Ba

Duk wanda ya zauna a zangon Gana, ko Nima ta Akra ko Abuwabo ta Kumasi, ya san ɗan shagon katakon nan na loto, da baƙin allo a jingine a gefensa an cika shi da lambobi da alli. Ya kuma san mutanen da ke tsayawa gaban allon da sassafe, biro a bayan kunne, suna nazari kamar masu shirin jarrabawa. A cikinsu akwai yaran shagunanmu, akwai direbobin da ke ɗauko mana kaya, akwai ma iyayen gida masu furfura waɗanda ba sa zuwa da kansu, sai dai su aiki yaro. Maganarsu ɗaya ce: lamba kaza ta yi wata huɗu ba ta fito ba, don haka ta nuna, ta kusa faɗowa. A Kamaru da Nijar dawakin Faransa ne suka fi tashe, matasa kuma sun koma cacar ƙwallo a waya, amma tunanin duk ɗaya ne.

Bari mu yi lissafin irin na kasuwa, tunda shi muka iya. A loton Gana lambobi 90 ne a cikin inji, ana fitar da 5. Wanda ya zaɓi lamba biyu yana fatan su fito tare, abin da suke kira tu-shuwa, damarsa ɗaya ce cikin 400 da ɗan ɗoriya. In ya ci, ana ninka masa kuɗinsa sau 240. To ka ga inda gizo ke saƙa. Da adalci za a yi, sau 400 ya kamata a ninka masa. Ma'ana, duk sidi 100 da jama'a suka zuba a wannan wasa, kimanin 60 ne ke komawa hannunsu, 40 sun tafi ke nan. A ce mutum yana zuba sidi 5 kullum har shekara, ya kashe 1,825. In ya ci sau ɗaya zai karɓi 1,200, za a yi ta taya shi murna a unguwa, alhali 625 ya yi ciwo. Sai ya ci sau biyu kafin ya ga riba, kuma a cikin mutum huɗu masu irin wannan wasa, da ƙyar ɗaya zai samu haka. Huɗu cikin goma kuwa za su ƙare shekarar ko sau ɗaya ba su ci ba. Mai neman lambobi biyar ɗin gaba ɗaya, shi damarsa ɗaya ce cikin 43,949,268, adadin da ya fi yawan mutanen Gana kakaf.

Wani zai ce ai wannan lissafin na masu canki-canka ne, shi kuwa yana da allo, yana bin tarihin lambobi. Abin da allon ba ya faɗa shi ne, ƙwallayen da ke cikin inji ba su san abin da ya faru jiya ba. Lamba 37 ba ta san ta yi wata huɗu a ɓoye ba, ba ta kuma jin kunyar masu jiranta. Kowace rana da aka kunna inji, damarta daidai take da ta lambar da ta fito jiya: 5 cikin 90.

Ba mu kaɗai ne wannan ruɗin ya taɓa kamawa ba. Ranar 18 ga Agustan 1913, a babban gidan cacar Monte Kalo da ke gaɓar teku kusa da kudancin Faransa, ana wasan nan na faifai mai juyawa wanda ƙwallo ke faɗawa ko a gidan ja ko a gidan baƙi. Ƙwallo ya faɗa baƙi, ya sake, ya sake. Da aka wuce sau goma sai attajirai suka yi ca a kan teburin suna zuba kuɗi a kan ja, wai dole yanzu ja ya zo. Baƙi ya ci gaba har sau 26 a jere. Masu jiran ja suka yi asarar miliyoyi a dare ɗaya. Irin wannan jeri abu ne mai wuyar aukuwa, sau ɗaya cikin sama da miliyan 60, amma a kowane juyi guda, damar ja ba ta ƙaru da ƙwayar zarra ba saboda baƙin da ya gabata.

Zuciyar ɗan Adam ce ba ta son abu mara tsari. Muna zaton in abu na sa'a ne, to dole ya riƙa gauraya, ja, baƙi, ja, baƙi. Alhali shi ainihin abin da ba hannun kowa a ciki yakan zo a dunƙule, uku nan, biyar can. Kamfanin waƙoƙi na Spotify ya gamu da wannan. Manhajarsu tana zaɓo wa mutum waƙa ta hanyar ƙuri'a tsantsa, sai masu saurare suka yi ta ƙorafi wai an cuce su, don mawaƙi ɗaya na fitowa sau uku a jere. A 2014 kamfanin ya bayyana cewa ya sauya tsarin, ya sa hannu yana rarraba waƙoƙin, don mutane su ji kamar ƙuri'a ce ta gaskiya. Akwai kuma wani makaɗin Amurka, John Cage, da ya yi akasin haka: a 1951 ya tsara kiɗan fiyano ta hanyar wurga kwabbai, abin da kwabo ya nuna shi yake rubutawa, don ya cire son ransa daga aikin. Ni dai ba na jin makaɗan Sarkin Zango za su yarda da wannan sana'a, amma an ce kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Da a teburin caca kawai abin ya tsaya, da sai in ce malamai sun riga sun gama magana, tunda hukuncin caca a Suratul Ma'ida ba ɓoyayye ba ne. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, wannan tunanin na "ta nuna, ta kusa faɗowa" ya bi mu har cikin ɗaki.

Mace ta haifi 'ya'ya mata huɗu a jere. Dangin miji suka fara gunaguni, wata gwaggo ta ce ai ita mahaifarta ta mata ce, a nemo wata. Wani kuma ya ce a'a, a yi haƙuri, na biyar dole namiji ne. Dukansu biyu sun yi kuskure. Da farko, likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa jinsin jariri daga maniyyin namiji yake fitowa, ƙwan mace iri ɗaya yake bayarwa kullum. Na biyu, kowane ciki kusan rabi da rabi ne. A duniya ana haifar maza kimanin 105 a kan kowace mata 100. In ka tara gidaje 16 masu 'ya'ya hurhuɗu, za ka sa ran samun gida ɗaya mai mata zalla, da gida ɗaya mai maza zalla, ba tare da laifin kowa ko gwanintar kowa ba. Mata nawa aka muzguna wa, nawa aka saka a zangunanmu saboda abin da bai wuce faɗuwar kwabo ba?

Wanda ya fi wannan ciwo shi ne batun sikila, wato amosanin jini. Yanzu alhamdu lillahi mutane sun fara jin ana cewa AA, AS, SS, har Jihar Kano ta yi doka a 2024 ta wajabta gwaji kafin aure. Amma ga yadda ake juya maganar likita a zaure. Likita ya ce in mai AS ya auri mai AS, damar haihuwar mai sikila ɗaya ce cikin huɗu. Sai waliyyi ya fahimta cewa a 'ya'ya huɗu ɗaya ne zai zo da ciwon. Na sha jin ana cewa, "To ai sai su tsaya a uku." Na kuma ji wadda ta fi wannan ban tausayi: ma'aurata sun haifi na fari da sikila, aka ce musu su kwantar da hankali, sun riga sun biya, ukun da ke tafe lafiyayyu ne. Ba haka ba ne, 'yan uwa. Kowane ciki sabuwar ƙuri'a ce, ɗaya cikin huɗu, ko na fari ne ko na bakwai. A cikin irin waɗannan ma'aurata masu 'ya'ya huɗu, kusan kashi ɗaya cikin uku ba za su ga sikila ko a ɗa ɗaya ba, su ne ake kafa hujja da su a ce "ga gidan wane, ba AS da AS ba ne, me ya same su?" Amma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu za su sami biyu ko fiye da ciwon, kuma waɗannan ba a cika kawo sunansu a wajen neman aure ba. Ga mu mazauna Gana da Burkina akwai ƙarin abin lura: nau'in jini na C ya yawaita a wannan yanki, kuma AS da AC ma suna iya haifar mai SC, wanda shi ma sikila ne. Takardar da ta ce "ba SS ba ne" ba ta wadatar ba, a karanta haruffan duka biyu.

Masana kimiyya sun daɗe suna kokawa da irin wannan abu. A 1827 wani masanin tsirrai ɗan Sukotlan, Robert Brown, ya leƙa madubin ƙara girma ya ga 'yan ƙananan ɓurɓushi daga garin fure suna ta rawa a cikin ruwa, ba iska, ba mai taɓa su. Sai a 1905 Albert Einstein ya yi bayanin lissafinsa: ƙwayoyin ruwan ne da ido ba ya gani suke ta bugun ɓurɓushin ta ko'ina. Ba mai iya faɗin inda ɓurɓushi ɗaya zai nufa, amma in suna da yawa ana iya lissafa nisan da za su bazu cikin minti ɗaya. Shekara biyar kafin haka, a 1900, wani ɗalibi Bafaranshe, Louis Bachelier, ya yi irin wannan lissafi a kan hawa da saukar farashi a kasuwar hannayen jari ta Faris. Wannan shi ne sirrin mai gidan loto. Bai san wa zai ci gobe ba, bai kuma damu ya sani ba, domin shi da dubban mutane yake ciniki, kashi 40 ɗinsa na nan daram. Kai mai tikiti ɗaya kai ne ɓurɓushin. Kuma duk wanda ya ce maka ya san inda sidi ko naira za su kwana ranar Alhamis mai zuwa, ka tambaye shi me ya sa har yanzu yake neman kuɗin mota a wajenka.

Na san wani zai ce, Alhaji, ina ƙaddara a cikin wannan magana? Tana nan inda take. Cewa abu ɗaya ne cikin huɗu awo ne na iyakar saninmu mu bayi, bai taɓa ilimin Ubangiji ba. Ita ƙuri'a ma ai ba baƙuwa ba ce a addini. An ambaci ta Annabi Yunusa a cikin jirgi, an ambaci jefa alƙaluma a kan wanda zai riƙi Nana Maryamu, kuma ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa in zai yi tafiya. Bambancinta da caca a fili yake: a ƙuri'a kowa yana da haƙƙi daidai, ana neman hanyar raba gardama ne ba tare da son kai ba, a caca kuwa dukiyar wani ake ci.

Wannan rashin son kai na ƙuri'a shi likitoci ke amfani da shi wajen gwada magani. Allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro ta RTS,S, wadda Kamaru ta fara yi wa yara a Janairun 2024, an gwada ta tsakanin 2009 da 2014 a kan yara sama da 15,000 a ƙasashen Afirka bakwai, ciki har da garuruwan Kintamfo da Agogo a Gana. Ƙuri'a ce ta raba yaran, waɗannan a yi musu sabuwar allura, waɗancan a yi musu wata daban. Da an bar wa ma'aikaci zaɓi, ko bai yi niyya ba, zai iya tura yara masu ƙoshin lafiya ɓangare ɗaya, sakamakon ya zama na ƙarya.

Sai dai ita ma ƙuri'ar sai an iya ta, kuma nan ne nake son iyaye mata masu adashi, ko susu ko tontin ko njangi, duk yadda ake kiransa a inda kuke, su saurara. Ranar 1 ga Disamban 1969 gwamnatin Amurka ta yi ƙuri'ar ɗiban samari zuwa yaƙin Biyetnam. Aka rubuta ranakun shekara 366 aka sa kowace a ɗan kwanso, wanda ranar haihuwarsa ta fito da wuri shi za a fara kira. An yi abin a gaban talabijin, kowa na gani. Daga baya masana lissafi suka duba suka ga waɗanda aka haifa a ƙarshen shekara, musamman Disamba, sun fi fitowa da wuri nesa ba kusa ba. Dalili kuwa, wata-wata aka zuba kwansunan, Janairu da farko, Disamba a ƙarshe, ba a kuma gauraya su sosai ba, sai na Disamba suka zauna a sama inda hannu ke fara kaiwa. Ba wanda ya yi niyyar maguɗi, amma ɗiban bai zo daidai ba, a kan al'amarin rai da mutuwa. A shekarar da ta biyo sai da suka sauya tsarin gaba ɗaya, suka koma ganga biyu.

To haka yake a kwanon uwar adashi. In ita ce ta rubuta sunaye, ta naɗe, ta zuba nata da na ƙawayenta a ƙarshe, ta ɗan girgiza sau biyu ta ce a ɗauka, ko zuciyarta fara ce tas, ɗaukar farko za ta riƙa karkata gefe ɗaya, kuma wata rana sai an yi zargi. Takardun su zama girmansu ɗaya, daga takarda ɗaya aka yanko su, naɗi iri ɗaya. A zuba a abin da ke da murfi da fili a ciki, kamar gwangwanin madara babba, a jijjiga shi sama da ƙasa da kyau, a miƙa wa mutum biyu ko uku su ma su jijjiga. Sannan a kira ƙaramin yaro wanda uwarsa ba ta cikin zubin, ya kau da kai ya zaro, a buɗe a karanta a gaban kowa kafin a zaro na gaba.