Muryar Jita Tana Cikin Akwatin Sifika

A Agadas da Yamai, biki ba ya cika sai an ji kukan jitar lantarki. Daga irin wannan dandali Bombino da Mdou Moctar suka taso har sunansu ya kai Turai da Amurka, kamar yadda ƙungiyar Tinariwen ta Abzinawan Mali ta lashe kyautar Grammy a 2012. Matasan da ke bin sawunsu, da makaɗan majami'u da na wuraren shagali a Jos da Kaduna da Kano, sukan yi tari su sayi jita mai kyau da amfilifaya mai yawan wat, sannan su jona ta da duk akwatin sifikar da ya samu. Ranar wasa sai sauti ya fito a dishe, ko ya riƙa sukar kunne, ko a ji ƙauri tun dare bai raba ba. Sai a ɗora laifi a kan jita, ko mai gyara, ko janareto, alhali matsalar tana wurin jonin: amfilifayar da akwatin ba su dace da juna ba.

Amfilifayar jita iri biyu ce. Akwai wadda aka haɗa ta da sifikarta cikin akwati ɗaya, akwai kuma wadda aka raba biyu: kai daban, akwatin sifika daban. Aikin kan shi ne ya karɓi 'yar wutar da ke fitowa daga jita ya ƙara mata ƙarfi. Shi da kansa ba ya fitar da amo ko kaɗan. Sai wutar ta shiga sifika, ta ratsa naɗin siririyar waya da ke zaune cikin maganaɗisu, naɗin ya riƙa tura faifan takarda gaba da baya, faifan ya kaɗa iska, sannan kunne ya ji. Wannan tsari, wanda Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric suka bayyana a 1925, shi ake amfani da shi har gobe. Duk mai goge ya san cewa izga ɗaya ce, amma in aka sauya ƙoƙo da fata, muryar gogen ta sauya. Matsayin akwati a wurin jita ke nan.

Tarihin sana'ar ya tabbatar da haka. A 1962, Jim Marshall, mai shagon kayan kiɗa a Landan, ya fitar da amfilifayarsa ta farko, JTM45. Kusan duk tsarin cikinta an kwaikwayo shi ne daga Bassman ta kamfanin Fender na Amurka. Amma Bassman tana da sifika huɗu na Jensen masu inci 10 cikin akwati mai buɗaɗɗen baya, shi kuwa Marshall ya koma ga sifika huɗu na Celestion masu inci 12 cikin rufaffen akwati. Wannan sauyi, tare da wasu 'yan canje-canje a cikin kan, shi ya raba abin da makaɗa ke kira sautin Ingila da sautin Amurka. A 1965 Pete Townshend na ƙungiyar The Who ya nemi Marshall ya yi masa kai mai wat 100 da akwati mai sifika takwas. Akwatin ya gagari masu ɗauka, sai aka raba shi biyu aka ɗora ɗaya kan ɗaya, tsarin da ake gani a manyan dandamali har yau.

Lissafin da ke kare kaya

Kafin a zo ga daɗin sauti, akwai lissafin da in an kuskure shi kaya ke ƙonewa. Kowace sifika tana yi wa wuta turjiya, ana kuma auna turjiyar da om. Akwatunan jita galibi om 4 ne, ko 8, ko 16, kuma a bayan kan akwai ramuka ko makunni masu ɗauke da waɗannan lambobi. Ƙa'idar ita ce lamba ta hau kan lamba.

Lissafin yana sauyawa idan sifika ta wuce ɗaya. In an jona biyu kafaɗa da kafaɗa, jar waya da ja, baƙa da baƙa, turjiya takan ragu da rabi: 16 da 16 su ba da 8, 8 da 8 su ba da 4. In kuwa an jera su, waya ta fita daga wannan ta shiga waccan, sai a tara: 8 da 8 su zama 16. A yawancin kawuna, ramukan baya biyu jonin kafaɗa da kafaɗa ne, saboda haka wanda ya sa akwati biyu masu om 16 sai ya mayar da makunni kan 8. Idan rubutun bayan akwati ya goge, mitar mai gyaran rediyo za ta raba gardama. Takan nuna ƙasa kaɗan da ainihin lambar: sifika mai om 8 takan nuna wajen 6 ko 7.

Haɗarin ya danganta da irin kan. Mai bawul, wato ƙwayayen gilashin nan masu ɗaukar zafi irin na tsohuwar rediyo, yana da tiransifoma tsakaninsa da sifika. In aka kunna shi aka kaɗa jita babu akwati a jone, ƙarfin da ya rasa mafita yakan koma kan tiransifomar ya huda rufin wayoyinta, ita ce kuwa mafi tsada a cikin kayan. Mai tiransista bai damu da rashin akwati ba, abin da ke kashe shi shi ne a ba shi om ƙasa da wanda aka rubuta masa. Kan da aka ce kada ya gaza om 4, in aka ɗora masa akwatuna har lissafi ya sauka zuwa 2, zai ja wutar da ta fi ƙarfinsa ya yi zafi ya mutu.

Sai batun wat. Dole akwati ya iya ɗaukar abin da kan ke bayarwa, har da rara, domin kai mai wat 100 in an murɗa shi har ƙarshe yakan wuce 100. Sifikar Celestion da ake kira Greenback wat 25 take ɗauka, huɗu sun zama 100 cif, shi ya sa makaɗan zamanin Townshend suka riƙa jona akwati biyu. In an gauraya sifika mai wat 25 da mai wat 60 masu om ɗaya, ƙarfi yakan rabu daidai a tsakaninsu, don haka akwatin wat 50 ne, ba 85 ba. Mai rauni ita ke yanka iyaka.

Abin da kunne ke ji

Yawan wat ba shi ne yawan ƙara ba, nan ne kuma ake asarar kuɗi. Ana auna ƙara da desibel, ninka wat sau biyu kuwa desibel 3 kacal yake ƙarawa. Kafin kunne ya ji kamar ƙara ta ninka, sai an ninka wat wajen sau goma. Sifika kuwa sun bambanta a ƙarar da suke fitarwa daga wat ɗaya: Vintage 30, wadda Celestion ya fitar a 1986, tana ba da desibel 100, G12T-75 tana ba da 97. Ke nan kai mai wat 50 da ta farko zai yi kusan kai ɗaya da mai wat 100 da ta biyu.

Ginin akwati ma yana da nasa tasiri. Mai buɗaɗɗen baya, irin na Fender Twin Reverb, yana watsa amo gaba da baya, sautin ya fito a sake, ya cika ɗaki, amma kaurinsa kaɗan ne. A filin biki da babu bango a baya, rabin abin da ya fitar iska ce ke kwashewa. Rufaffen akwati yana dunƙule amo ya harba shi gaba da kauri da nauyi, shi ya fi dacewa da fili, sai dai wanda ke tsaye a gefe ba ya jin kaifin da na tsakiya ke ji. Sifika mai inci 10 ta fi saurin amsa yatsa da fitar da kowace tsirkiya daban, abin da salon Abzinawa mai saurin yatsu ke so. Mai inci 12 ta fi cika da faɗi.

Kuskuren da ya fi yawa a wurarenmu shi ne jona kan jita da akwatin masu kiɗan biki ko na wa'azi. Sifikar jita da gangan aka yi ta ta daina amsawa daga wajen kaɗawa 5,000 a daƙiƙa, tana tace ƙarar da ke sama da haka. Akwatin taro yana da 'yar ƙaramar sifika mai kai wa kusan 20,000, sai duk tsatsar da ya kamata a tace ta fito tana yankar kunne. Hanyar da ta dace ita ce a jona kan da akwatinsa, a kafa makirfo a gaban sifikar, a kai sautin ga na'urar taro.

Wayar joni ma abin lura ce. Bakinta iri ɗaya ne da na wayar jita, amma cikinsu daban. Ta jita siririya ce, an yi ta don 'yar wuta kaɗan. In aka sa ta tsakanin kai da akwati tana iya zafi ta tsinke, kai mai bawul ya wayi gari babu akwati. Haka kuma kayan da suka shigo daga Amurka ta kasuwar Alaba ko Sabon Gari, da yawansu na wuta 120 ne, tamu kuwa 220 zuwa 230 ce. A duba bayansu kafin a kai su ga soket.

Wanda zai sayi akwati ya tafi da jitarsa da kan amfilifayarsa, ya gwada a ƙarar da zai yi wasa da ita, ya ja baya taku goma ya saurara, ya matsa gefe ya sake saurara. Mai shago ya ba da damar gwajin, mai gyara kuma duk akwatin da ya sauya wa sifika ya rubuta sabon om da wat a bayansa da fenti. Matashin da ya gaji da sautinsa, kafin ya sayar da kan da ya sha wahalar saye, ya fara aron akwatin abokinsa ya gwada. Sau da yawa sauya sifika ɗaya, a kan kuɗin da bai kai rabin na sabon kai ba, shi ne duk abin da jitarsa ke jira.