Ina Ruwan Kwatar Bagudo Yake Zuwa?

A wasu unguwannin Abuja, mai gida yana haɗa bututun banɗakinsa da babbar magudanar ƙarƙashin ƙasa mai kai ƙazanta matatar Wupa, ƙarƙashin kulawar hukumar kare muhalli ta AEPB. Bagudo ba ta da irin wannan magudana. Nan kowane gida da masansa, mai hali ya gina sokawe, ruwan wanka da na wanke-wanke kuwa ya bi kwata ya fito lungu, ya kwanta baƙi ƙirin inda yara ke wasa.

Amma doka tana nan. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora kwashe shara da ƙazanta a wuyan ƙaramar hukuma, dokokin tsafta na hukumar kare muhalli ta tarayya NESREA na 2009 kuma sun hana zubar da gurɓataccen ruwa barkatai. Duba-gari ne ke da alhakin bin gida-gida.

Abin ya fi tsanani a garuruwan yankin Bagudo na bakin kogin Kwara irin su Lolo, daf da iyakar Benin. Da damina ambaliya kan cika masai, ta tura ƙazanta cikin rijiya, amai da gudawa ya biyo baya. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke cewa a bar tazarar kimanin mita 30 tsakanin masai da rijiya, a kuma haƙa shi a gangaren rijiyar.