Kafofin Sada Zumunta da Injin Bincike: Abin da Ya Shafi 'Yan Kasuwar Iyakar Bagudo

Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi tana iyaka da Jamhuriyar Benin, kuma garuruwanta irin su Illo da Lolo da Tsamiya da Ka'oje sun daɗe suna cinikin shinkafa da kifi da dabbobi da maƙwabtansu na Segbana, wadda ke lardin Alibori. A yau wani ɓangare na wannan ciniki ya koma wayar hannu, inda ake tallata haja a Facebook da WhatsApp da TikTok, sai dai tallar da ta yi farin jini a waɗannan kafofi ba lallai ba ne ta isa ga dillalin Kano ko na Kwatano da ya rubuta sunan hajar a Google, domin kowanne da hanyar da yake bi wajen tantance abin da zai nuna.

Injin bincike, wato manhajar da ke tattara shafukan intanet ta jera su ga mai nema, yana aiki ne a mataki uku: yakan aika wata manhaja mai yawo, wadda Google ke kira Googlebot, ta bi mahaɗai daga shafi zuwa shafi, sannan ya adana abin da ta karanto a rumbunsa, daga bisani ya jera sakamako gwargwadon dacewa da amincin kowane shafi. Mahaɗi shi ne rubutun da ake latsawa ya kai mutum wani shafi, kuma tun da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998 bisa tsarin PageRank, ana ɗaukar mahaɗi tamkar shaidar da wani shafi ya yi wa wani, kamar yadda a kasuwa ake yarda da baƙo idan fitaccen dillali ya tsaya masa.

Wannan shaida tana da rauni a kafofin sada zumunta. A 2005 manyan injunan bincike suka fito da wata alama da ake liƙa wa mahaɗi domin a nuna cewa mai shafin bai lamunce shi ba, kuma yawancin kafofin suna sa ta a mahaɗan da jama'a ke wallafawa. A 2014 Matt Cutts, jami'in Google a lokacin, ya bayyana cewa yawan mabiya ko masu nuna sha'awa a Facebook da Twitter ba ya cikin ma'aunin jera sakamako. Saƙonnin WhatsApp kuwa a rufe suke tun 2016, injin bincike ba ya ganinsu, sitatus ma yakan ɓace bayan awa 24.

Amfanin kafofin ta bayan fage yake zuwa. Idan ƙungiyar manoman shinkafa ta wallafa farashin buhu da lokacin girbi a shafinta na intanet, sannan ta yaɗa mahaɗin a Facebook, mutane za su ziyarci shafin, wasu su riƙa neman sunan ƙungiyar kai tsaye, wata jarida kuma ta iya ambatonta da mahaɗi mai cikakken nauyi. Saboda haka cikakken bayani a shafin ya kamata ya zauna, a rubuce da haruffa, domin injin ya fi fahimtar rubutu a kan farashin da aka ambata a cikin bidiyo ko aka zana a jikin hoto.

Zaman iyaka ya ƙara wata larura, wato ta harshe da rubutun suna. Mai saye daga Segbana ko Malanville a Benin zai iya nema da Faransanci kuma ya yi lissafi da sefa, shi ya sa shafin da ya kawo bayani da Hausa da Ingilishi da Faransanci ya fi faɗin kasuwa. Haka nan ana rubuta Ka'oje da Kaoje, kuma harafi ɗaya ne ya raba Bagudo da sunan Abubakar Atiku Bagudu, gwamnan jihar daga 2015 zuwa 2023, wanda labaransa suka fi yawa a intanet. Maganin wannan shi ne a tsayar da suna ɗaya da adireshi ɗaya da lambar waya ɗaya a shafin da dukan kafofin, a haɗa sunan gari da na jiha da na haja a kowane take, sannan a yi rajistar wurin sana'a kyauta a taswirar Google, ta yadda mai neman shinkafar Lolo zai iske mai ita ko da tallar jiya ta riga ta nutse.