Wa zai fara, wa zai rufe taro? Kishin makaɗan jita daga Agadas zuwa Amurka

Duk inda aka haɗa ƙungiyoyin makaɗa biyu a dandamali ɗaya, tambayar da ke fara tasowa ita ce wa zai yi sharar fage, wa kuma zai rufe taro.

Mai sharar fage yakan hau ne tun mutane na shigowa, wasu na neman wurin zama, wasu na gaisawa. Mai rufe taro kuwa shi ke tarar da fili ya cika, sunansa ne a saman takardar talla, kuma kasonsa ne ya fi tsoka.

Wannan tambaya ta sha raba manyan ƙungiyoyin kiɗan rock a Amurka da Turai, har ta taɓa kai wa ga tarzoma. Yanzu da makaɗan jita na Jamhuriyar Nijar suka shiga sahun masu rangadin duniya, batun ya iso gida.

Ya shafi har matasan Damargu. Garin Tanut yana kan hanyar RN11 wadda ta haɗa Damagaram da Agadas, cibiyar kiɗan jita a Nijar. Yankin, wanda ya haɗa da Belbeji da ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, mahaɗa ce ta Hausawa da Abzinawa da Barebari da Fulani. A da ayarin raƙuma ne ke saukowa daga Abzin su sayi geron Damargu. A yau waƙoƙin jita na cikin abin da ke saukowa ta wannan hanya, a cikin wayoyin direbobi da fasinjoji.

Daga kiɗan gudun hijira zuwa kiɗan biki

Salon ya samo asali ne a ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, a tsakanin matasan Abzinawa da fari da rashin aiki suka kora zuwa Aljeriya da Libiya. Ana kiran su ishumar, kalmar da ta fito daga sunan da Faransanci ke kiran marar aikin yi. Ƙungiyar Tinariwen ta ƙasar Mali ce ta fi yin suna a cikinsu. A Nijar kuwa, marigayi Abdallah Oumbadougou da ƙungiyarsa Takrist Nakal ne suka buɗe hanya.

A zamanin tawayen farkon shekarun 1990, a ɓoye ake yawo da kaset-kaset na waɗannan waƙoƙi. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilun 1995, jita ta fito fili, ta zama kiɗan bikin aure da na suna da na tarukan siyasa.

Daga nan ne gasa ta kankama. Bukukuwa a gari ɗaya suna da iyaka, makaɗa kuma sai ƙaruwa suke yi. Ƙungiyar da ta fi tara jama'a a wannan Asabar ita za a nema a Asabar mai zuwa, kuma a kanta ne za a yi liƙi. Wadda take da janareta da lasifika masu ƙarfi tana iya danne wadda ta fi ta iya kiɗa.

Ƙungiyar Etran de L'Aïr ta Agadas misali ce ta yadda hawan yake da wuya. 'Yan gida ɗaya ne suka kafa ta a 1995 da jita guda ɗaya tak, gangarsu kuma ƙwarya ce da aka kifa a cikin ruwa ana bugawa da takalmi. Sun shafe fiye da shekara 20 suna kiɗan biki kafin faifansu na farko ya fita ƙasashen waje a 2018.

Fim ɗin da ya fito da kishin fili

A 2015 aka saki fim mai suna Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda Ba'amurke Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya ba da umarni. A Agadas aka ɗauke shi da harshen Abzinawa, kuma ma'anar sunan ita ce ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki.

Jarumin fim ɗin shi ne Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta fi sani da Mdou Moctar. Ya fito a matsayin baƙon makaɗi da ya shigo gari yana neman suna, ga mahaifi da ba ya son ɗansa ya yi kiɗa, ga kuma makaɗan da ya tarar suna ganin ya zo ne ya rage musu abinci. Wanda ya fito a matsayin babban abokin hamayyarsa, Kader Tanoutanoute, shi ma makaɗin jita ne na gaske. A ƙarshe gasa ce a gaban jama'a ta raba gardama.

Shi kansa Mdou Moctar ya san yadda waƙa ke kuɓuce wa mai ita. A Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, a 2008, da salon gyaran murya irin na waƙoƙin fina-finan Hausa. Waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya a faɗin Sahel, har Kirkley ya ji ɗaya daga cikinsu, sai da ya yi cigiya kafin ya gano mai ita.

Asalin labarin: Prince da The Time

An gina fim ɗin na Agadas ne a kan Purple Rain, fim ɗin mawaƙin Amurka Prince na 1984. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, hamayyar da ke cikin Purple Rain ta samo tushe ne daga rikicin rangadi na gaske.

Prince ne da kansa ya haɗa ƙungiyar The Time a birnin Minneapolis a 1981, ya ɗora abokinsa Morris Day a gaba, kuma shi ya rubuta tare da kaɗa mafi yawan faifansu na farko. Daga nan ya ɗauke su su riƙa yi masa sharar fage.

Sai yaran suka ƙware. A wasu dararen sukan tayar da fili ta yadda mai gidan ke shan wahala kafin ya kamo su. Su kuma suna ƙorafin cewa abin da ake biyansu bai taka kara ya karya ba.

A wasan ƙarshe na rangadin Controversy, a birnin Cincinnati cikin watan Maris na 1982, Prince da mutanensa suka riƙa jifan 'yan The Time da ƙwai suna tsakiyar wasa. Aka janye mai kaɗa musu jita, Jesse Johnson, aka sa masa ankwa a bayan dandamali. Bayan an tashi su ma suka rama, aka yi ta jife-jife da abinci har otal.

A rangadin da ya biyo baya, an sa The Time su riƙa yi wa ƙungiyar mata ta Vanity 6 kiɗa daga bayan labule, inda ba mai ganinsu, sannan aka cire su daga wasannin wasu manyan birane. A 1983 dusar ƙanƙara ta tsare biyu daga cikinsu, Jimmy Jam da Terry Lewis, a Atlanta, suka rasa wasa guda, daga bisani Prince ya sallame su.

Hausawa na cewa hassada ga mai rabo taki ce. Mutanen biyu su ne suka shirya wa Janet Jackson faifanta Control na 1986, suka kuma lashe kyautar Grammy ta gwanayen furodusoshi a shekarar da ta biyo baya.

Abin mamaki shi ne Prince ya san zafin sharar fage. A watan Oktoban 1981 ya buɗe wa Rolling Stones wasa a Los Angeles, 'yan kallo suka yi masa ihu, suka jefe shi da kwalabe da ragowar abinci har ya sauka.

Lokacin da raini ya zama tarzoma

Tarihin rock cike yake da irin wannan. A bikin Monterey na jihar Kalifoniya, ranar 18 ga Yunin 1967, The Who da Jimi Hendrix sun yi taƙaddama a kan wa zai riga hawa. A nan kowa so yake ya riga, domin dukansu sun shirya lalata kayan kiɗa a ƙarshe, ba wanda ke son a ce kwaikwayo ya yi. Sai da aka jefa kwabo. The Who suka riga, suka farfasa kayansu. Da Hendrix ya hau, sai ya cinna wa jitarsa wuta, kuma hoton wannan wutar ne aka fi tunawa da shi har yau.

Na birnin Montreal a Kanada ya fi muni. A 1992 Metallica da Guns N' Roses sun yi rangadin haɗin gwiwa, yayin da Faith No More ke musu sharar fage, 'yan wannan ƙungiya kuma suna yi wa jagoran Guns N' Roses, Axl Rose, ba'a a hirarrakinsu da jaridu.

Ranar 8 ga Agusta, wutar ado da ake harbawa a dandamali ta ƙona jagoran Metallica, James Hetfield, a hannu, dole suka katse wasa aka kai shi asibiti. 'Yan kallo fiye da 50,000 suka zauna jiran Guns N' Roses su cike giɓin. Sai da aka daɗe ana jira kafin su hau, sannan Axl Rose ya sauka da wuri yana kukan ciwon maƙogwaro. Jama'a suka fusata, aka fasa kayayyaki, aka kifar da motoci.

A ranar, waɗanda suka yi asara su ne mutanen da suka sayi tikiti da guminsu.

Inda makaɗan Nijar suka bi wata hanya

Duk da zafin gasar gida, tarihin makaɗan Nijar yana da misalan da haɗuwa a dandamali ɗaya ta haifar da alheri.

A 2004 ƙungiyoyi biyu daga Nijar, Etran N'Guefan ta Abzinawa da Finatawa ta Fulani Wodaabe, suka haɗu a Bikin Hamada da ake yi a kusa da Timbuktu. Suka hau tare, abin ya yi armashi, suka dunƙule suka zama Etran Finatawa, ƙungiyar da ta zagaya nahiyoyi da dama. Al'ummomin biyu makiyaya ne da ke haɗuwa a rijiya da makiyaya, kamar yadda ake gani a arewacin Damargu, inda zama tare ke buƙatar haƙuri da sanin haƙƙin juna.

Ahmoudou Madassane, mai kaɗa wa Mdou Moctar jita ta biyu, ya yi rangadi da Les Filles de Illighadad, ƙungiyar da Fatou Seidi Ghali ke jagoranta daga wani ƙauye a yankin Abalak. Lokacin da Group Inerane ta Bibi Ahmed ta rasa makaɗinta Adi Mohamed a rikicin da ya ɓarke a 2007, Koudede, wanda tauraro ne mai zaman kansa, shi ya shigo ya riƙe musu. Koudede ya rasu a haɗarin mota a 2012.

A Yamai kuma, Tal National ta Hamadal Issoufou Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, ta tara makaɗa daga ƙabilu daban-daban, da yawan da takan rabu biyu ta yi wasa a wurare biyu a dare guda.

Sharar fage ma ta yi wa makaɗan Sahara rana. Tinariwen ta buɗe wa Rolling Stones wasa a ƙasar Ireland a 2007, kafin ta lashe Grammy a 2012. Omara Moctar, wato Bombino, ya buɗe wa Robert Plant na tsohuwar ƙungiyar Led Zeppelin a 2013, shekarar da faifansa Nomad ya fito, daga baya kuma faifansa Deran na 2018 ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa cikin 'yan takarar Grammy. Mdou Moctar ya buɗe wa Tame Impala a 2019.

Abin da ake rigima a kai

Idan aka duba waɗannan labarai, abubuwan da ke haddasa faɗan ba su da yawa, kuma kusan iri ɗaya ne ko a filin ƙwallon Montreal ko a ƙofar gidan biki.

Na farko lokaci ne: wanda ya wuce mintunan da aka ba shi ya ci na wanda ke bayansa. Na biyu sauti: a manyan rangadi akan bar mai sharar fage da ɗan guntun lokacin gwajin kaya, wani sa'in a rage masa ƙarfin lasifika da fitilu don kada ya haska fiye da mai gayya. Na uku kayan aiki: inda ganguna da na'urar ƙara sauti guda ce ake karɓa-karɓa, wanda ya bar ta a lalace ya kashe wa na gaba kasuwa. Na huɗu kuɗi, musamman idan ba a yanke rabon kowa tun kafin a kunna janareta ba.

Gasa a tsakanin makaɗa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Makaɗan fada sun daɗe da sanin zambo da habaici, kuma Nijar tana da gasar Ɗan Gurmu, wadda aka sa wa sunan shahararren mawaƙin Tawa, inda ƙungiyoyi ke karawa a gaban alƙalai. A irin wannan fage da waƙa ake amsa waƙa, kuma jama'a ne ke cin riba.

Rangadin waje kuwa yana da nasa haɗarin da ke sa makaɗa buƙatar juna. Lokacin da sojoji suka karɓi mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyakoki, Mdou Moctar da abokan kiɗansa suna Amurka. Hanyar komawa gida ta toshe, sai da masoya suka yi musu karo-karo ta intanet don su samu abin zama kafin hanya ta buɗe.

Ga matashin da ke koyon jita a Tanut ko Belbeji, wanda wataƙila wasansa na farko a Damagaram ko Agadas zai kasance sharar fage ne ga wani, abin da ya kamata ya nema tun kafin ya ɗora kaya a mota shi ne magana a fili, gaban shaidu: minti nawa zai yi, da kayan wa zai kaɗa, kuma nawa ne rabonsa.