Rumun Ndur: haifaffen Zariya da ya fara kai sunan Najeriya babbar gasar ƙwallon gora ta kan ƙanƙara

Yau daga nan Abaji nake rubuto muku, kuma batun da na ɗauko zai iya zama baƙo ga da yawa daga cikinmu. Mu dai mun san ƙwallon ƙafa, mun san dambe da kokawa, wasunmu ma sun san ƙwallon dawaki da ake yi a Katsina da Kaduna. Amma akwai wani wasa da ake yi a kan daskararriyar ƙanƙara, wanda mutanen Kanada suke mutuwar so kamar yadda matasanmu suke yi wa gasar Firimiya ta Ingila. To mutum na farko haifaffen Najeriya da ya taɓa buga babbar gasar wannan wasa, a Zariya aka haife shi. Sunansa Rumun Ndur, kuma mai tsaron baya ne.

Bari in fara da bayanin wasan kansa, don kada in bar kowa a baya. Ana yin sa ne a fili mai tsawon kusan mita 61 da faɗin mita 26, wanda aka daskarar da ruwa a kansa, aka kewaye shi da katanga ta katako da gilashi. Kowane ɗan wasa yana sanye da takalmi mai siririn ƙarfe kamar wuƙa a ƙarƙashinsa, da shi yake sulɓi, yana riƙe da sanda mai lanƙwasa a baki. Abin da ake bugawa wani ɗan baƙin faifan roba ne mai tauri, nauyinsa kusan giram 170. Kowane ɓangare mutum shida ne a fili: gola ɗaya, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku. Ana yin zagaye uku, kowanne minti 20. Saboda tsananin gudu, ɗan wasa ba ya wuce kamar minti ɗaya a fili sai ya fito wani ya shiga, wasa kuwa bai tsaya ba.

Aikin ɗan baya shi ne mafi wahalar koyo. Dole ya iya sulɓi da baya-baya cikin gudu yana fuskantar mai kawo hari, ya tare hanya da sandarsa, ya ture abokin karawa da kafaɗa ko ƙugu, wanda doka ta yarda da shi. Wani lokaci ma sai ya kwanta ya tare faifan da jikinsa, alhali an make shi da gudun da ya fi na mota a titin Abuja zuwa Lakwaja. Idan ƙungiyarsa ce ke kai hari, sai ya tsaya a kan shuɗin layi yana gadi, kada faifan ya fita. Wanda ya yi laifi kuma ba a ɗaga masa kati, wani ɗan keji ake kai shi ya zauna minti biyu, ko biyar idan faɗa ya yi, 'yan ƙungiyarsa su ci gaba da wasa.

An haifi Rumun Ndur a Zariya ranar 7 ga Yuli, 1975. Yana ƙarami iyalinsa suka koma Kanada, ya tashi a wani ƙaramin gari mai suna Hearst, can arewacin jihar Ontario. Garin masu sana'ar katako ne, mutanensa ba su wuce dubu biyar ba sosai, kuma akasarinsu Faransanci suke yi. Sanyin wurin kuwa ba a magana. Hunturun da muke kuka da shi a Zariya ko Jos, a can ko sanyi ba za su kira shi ba, don a tsakiyar hunturunsu ma'auni kan sauka ƙasa da sifili da maki 30. A irin waɗannan garuruwa, yaro da zarar ya iya tafiya ake ɗaura masa takalmin sulɓi, kamar yadda namu yaran ke tashi da ƙwallon leda a lungu. In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, sai kai ma ka nemi taka ka liƙa. Haka yaron Zariya ya shiga wasan mutanen gari.

A Kanada akwai tsani da ake hawa, kuma a nan ne nake so mu lura sosai. Yaro yana farawa a ƙungiyar unguwa ko ta gari. Idan ya nuna hazaƙa, yana ɗan shekara 16 ko 17 sai manyan ƙungiyoyin matasa su ɗauke shi, sau da yawa ya bar gidan iyayensa ya zauna da wani iyali a garin ƙungiyar, yana makaranta yana wasa. Ndur ya shiga ƙungiyar Guelph Storm ta gasar matasan Ontario a 1992, ya yi kaka uku da su. Ƙato ne, tsawonsa ya haura ƙafa shida, ga ƙarfi ga rashin tsoro, don haka masu farautar 'yan wasa suka sa masa ido.

Ita babbar gasar, wato NHL, an kafa ta ne a 1917, kuma a yau ƙungiyoyi 32 ne ke cikinta daga Amurka da Kanada. Yadda suke ɗaukar matasa ya sha bamban da na ƙwallon ƙafa. Duk shekara ƙungiyoyin kan taru su riƙa zaɓen matasa bi da bi, kuma waɗanda suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su ake ba damar fara zaɓe, don kada mai kuɗi ya kwashe gwanaye shi kaɗai. A zaɓen 1994, ƙungiyar Buffalo Sabres ta jihar New York ta ɗauki Ndur a zagaye na uku, shi ne mutum na 69.

To amma zaɓe ba shi ne shiga fili ba. Sai da aka tura shi ƙaramar ƙungiyarsu, Rochester Americans, don ya goge. A kakarsa ta farko cikakkiya, wato 1995 zuwa 1996, ƙungiyar ta ci kofin Calder, wanda shi ne babban kofin gasar da ke bin NHL a daraja. A kaka ta gaba Buffalo ta kira shi sama ya buga wasansa na farko, daga nan ya shiga tarihi. Sai dai gurbi ya yi masa wuya a can, cikin kaka uku wasa 11 kacal ya samu. A ƙarshen 1998 New York Rangers ta ɗauke shi, ya buga mata wasa 31. Wani abin sha'awa, wannan ita ce kakar ƙarshe ta Wayne Gretzky, wanda ake ɗauka a matsayin gwanin gwanayen wasan, kuma a ƙungiyar yake. Ke nan haifaffen Zariya ya sa riga iri ɗaya da Pelen wannan wasa. Daga nan ya koma Atlanta Thrashers, wadda a 1999 ta fara wasa, ya buga 27. Jimilla wasa 69 ya yi a NHL, ya ci biyu, ya taimaka aka ci uku.

Wani zai ce, ci biyu kawai? Ai ba don ci aka ɗauke shi ba. A wancan zamani kowace ƙungiya tana ajiye ƙarfafan mutane ɗaya ko biyu da aikinsu shi ne kare taurarin ƙungiya. Idan wani ya yi wa gwaninku mugun ture, to ƙaton ku zai shigo, a yar da sanda da safar hannu, a dambace, alƙalan wasa na tsaye sai an kai ƙasa su raba. Ndur yana cikin irin waɗannan. Mu da muka san dambe mun san abin da naushi a ka yake jawowa bayan shekaru. A 2011 kaɗai, 'yan wasa uku da suka yi suna da wannan aiki, Derek Boogaard da Rick Rypien da Wade Belak, suka rasu cikin 'yan watanni, kuma binciken ƙwaƙwalwar Boogaard ya nuna illar yawan bugu a ka. Tun daga nan wannan matsayi ya yi ta raguwa a gasar. Shi Ndur, bayan NHL ya ci gaba da wasa a ƙananan gasanni na Amurka, ya kuma buga a Turai, ciki har da ƙungiyar Coventry Blaze ta Ingila.

Ba shi kaɗai ba ne jinin Najeriya a wannan fage. Duk wanda ya bi ta nan Abaji zuwa kudu ya san bayan Lakwaja sai Okene. To a Okene aka haifi Akim Aliu a 1989, ya yi ƙuruciya a Yukren, sannan iyalinsa suka koma Toronto. Ya buga wa Calgary Flames 'yan wasanni, kuma a 2019 ya fito ya bayyana kalaman wariyar launin fata da wani koci ya taɓa yi masa, abin da ya sa kocin ya ajiye aiki. Akwai kuma Jarome Iginla, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya zama ɗaya daga cikin manyan taurarin wasan baki ɗaya. Kafin su duka, baƙar fata na farko a gasar shi ne Willie O'Ree, a 1958.

Me ya sa na kawo mana wannan labari? Saboda ya yi kama da namu. Yaran da aka haifa a Sabon Ibadan, ko Agege, ko Shagamu, ko Ama Hausa ta Owerri, su ma a tsakanin gida biyu suke tashi. Suna jin Yarbanci ko Ibo kamar 'yan gari, a gida kuma Hausa. Sau da yawa ina jin iyaye suna hana yaro shiga wasannin makaranta ko ƙungiyar unguwa, wai ba namu ba ne, ko kuma ba za a ba ɗan Hausa dama ba. Ba na musun cewa akwai nuna bambanci, kowa ya san rigimar takardar shaidar asali. Amma yaron da bai shiga fili ba, babu mai ganinsa balle ya zaɓe shi. Ndur baƙo ne a Hearst fiye da yadda ɗanka yake baƙo a Legas, ga bambancin fata ga na harshe, ya kuma shiga aka dama da shi.

Ɗaya darasin kuma shi ne wasa ba ya daɗewa. Mutumin da ya kai ƙololuwa, yana ɗan shekara 25 ya riga ya buga wasansa na ƙarshe a babbar gasa. Don haka idan ɗanka ko ƙaninka yana da baiwar ƙwallo ko gudu ko dambe, ka ƙarfafa masa gwiwa, ka san kocinsa, ka san inda yake atisaye, amma kada ka yarda ya ajiye boko da islamiyya ko sana'ar hannu saboda wasa. Kuma a yi hattara da dillalan da ke karɓar kuɗin iyaye da alƙawarin kai yaro Turai.

Ku kuma shugabannin al'ummarmu, Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin matasa, ko ƙaramar gasar unguwa kuka shirya duk shekara, ta isa ta zama matakin farko ga wani yaro. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya sa su zama abin alfahari a duk inda suka tsinci kansu, amin.